Togo: Ƙasar Da Ta Fi Kama Da Hanya



Idan muka shiga kasuwar Dutsi ko ta Mai'adua muka tsaya gaban mai atamfa, ko mai gwanjo, ko mai shinkafa 'yar waje, da wuya mu tambayi ta ina kayan suka biyo. Wanda ya tambaya ma amsar ba ta wuce “daga Maraɗi” ko “daga Kwatano”. Alhali wani kaso na irin waɗannan kaya a Lome jirgin ruwa ya sauke su, babban birnin Togo, ƙasar da yawancinmu sai a wasan ƙwallo muke jin sunanta. Kakanninmu kuwa da ƙafa suka san ta, tun ba a raɗa mata wannan suna ba.

A fara da duba taswira. Togo siririya ce kamar tsinke, an matse ta tsakanin Gana daga yamma da Jamhuriyar Benin daga gabas, kanta na taɓa Burkina Faso, ƙafarta na cikin teku. Girmanta bai kai murabba'in kilomita 57,000 ba, wato Jihar Neja ita kaɗai ta fi ta faɗi. Bakin tekunta duka kilomita hamsin da 'yan kai ne, bai kai tafiyar Daura zuwa Katsina ba. Amma daga Lome zuwa Sinkase, kan iyakar Burkina, sai mota ta ci sama da kilomita 600. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanenta sun ɗan haura miliyan takwas.

Wannan tsawon ya sa ƙasa ɗaya ta zama kamar ƙasashe uku. Kudu akwai kwakwa da rogo da masara, damina sau biyu a shekara. Tsakiya, wajen Kpalime da Atakpame, tsaunuka ne masu koko da kofi, nan ne dutsen Agu yake, mai tsayin mita 986. Da an wuce Kara aka nufi Dapaong kuwa, mutumin Dutsi ba zai ji baƙunta ba: gero da dawa, kuka da kaɗanya da ɗorawa, damina ɗaya, da hunturu mai ƙura.

Mutanen ma haka suke a jere. Ewe da Mina a kudu, Kabiye a duwatsun Kara, Tem, waɗanda muka fi sani da Kotokoli, a Sokode, Moba da Cokosi a can arewa, ga Fulani makiyaya a warwatse. Faransanci ne harshen hukuma. Musulmi ba su ne masu rinjaye ba, sun fi yawa a Sokode da Mango da zangunan birane. Waɗannan wurare kuwa ba haka kawai Musulunci ya taru a cikinsu ba. Kan hanyar goro suke.

A ƙarni na 19 ayarin fatake kan tashi daga Kano da sauran biranen Hausa, madugu na gaba, jakuna ɗauke da kanwa da baƙin turkuɗi da kayan fata. Akwai kuma bayi a cikin hajar, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Su haye Kwara, su ratsa Borgu, su nufi Salaga ta ƙasar Gwanja inda ake sayen goro. Babu yadda za a yi wannan tafiya ba a yanki abin da yau ake kira Togo ba. Wasu su bi ta ƙasar Kotokoli, wasu ta Mango, garin da har yau cikakken sunansa Sansane-Mango, kuma duk Bahaushe ya ji “sansani” a ciki. Duk inda ayari ya saba yada zango, sai wasu su zauna, su yi aure, su gina masallaci, su zama fatoma ga masu zuwa a baya. Lura da abu ɗaya: hanyar fatake daga gabas take zuwa yamma. Turawa ne suka juya ta, ta koma daga arewa zuwa teku.

Ranar 5 ga Yuli 1884 wani Bajamushe, Gustav Nachtigal, ya ƙulla yarjejeniya da wakilan sarkin wani ƙaramin gari na bakin tabki mai suna Togo, daga nan ƙasar ta samo suna. Wannan Nachtigal shi ne wanda ya isa Kukawa a 1870 ya kai wa Shehu Umar na Borno kyaututtukan sarkinsu. Jamusawa suka mai da Lome hedkwata a 1897, suka gina gadar sauke kaya a cikin teku, suka shimfiɗa layin dogo zuwa Aneho a 1905, Kpalime a 1907, Atakpame a 1911. Sun riƙa yi wa Togo kirarin zakaran gwajin dafi a cikin ƙasashen da suka mallaka, domin tana ɗaukar nauyin kanta. Aikin tilas da bulala da haraji ne suka ɗauki nauyin. Kuma cikin 'yan sandan farko da suka ɗauka don wannan aiki akwai Hausawa, kamar yadda Ingilishi suka yi a Ikko da Gana. Ba kullum ne kakanninmu ke gefen da muke so mu same su ba.

To, ga inda ya fi shafarmu. A 1892 yaƙin sarauta ya tarwatsa Salaga, fatake da malamai suka watse, da yawa suka koma Kete-Kraci a bakin kogin Bolta, garin da ya faɗa hannun Jamus. Cikinsu akwai Malam Umaru ɗan Abubakar, wanda aka fi sani da Imam Umaru ko Alhaji Umaru Salaga. A Kano aka haife shi a 1858, asalin gidansu Kabi, ya yi karatu, ya bi fatauci, daga baya ya zama limamin Kete-Kraci. Jami'in Jamus da ke riƙe da garin, Adam Mischlich, mai son Hausa ne, sai ya zama kamar ɗalibinsa. Malam ya riƙa rubuta masa da ajami yadda ƙasar Hausa take: tarihin garuruwa, sana'o'i, kasuwanci, aure, sarauta, zaman bayi da na 'ya'ya. Mischlich ya fitar da ƙamusun Hausa da Jamusanci a 1906. Malam Umaru kuma ya bar waƙoƙi da Larabci da Hausa, har da wadda ya yi kan talauci da wadda ya yi kan zuwan Nasara. Ya rasu a 1934.

A ganinmu wannan mutum bai samu haƙƙinsa a wurinmu ba. Idan ana tarihin zube a taronmu, daga gasar 1933 ake farawa, a ambaci Abubakar Imam da Bello Kagara da Tafawa Ɓalewa, a rufe. Ga wanda ya rubuta shafuka masu yawa na zuben Hausa shekaru kusan talatin kafin wannan gasa, a ƙasar da Jamus ke mulka, nesa da Zariya. Wani masani ɗan Folan, Stanislaw Pilaszewicz, shi ya tattara rubutun ya buga a 2000. Mu nawa ne muka taɓa riƙe shi? Muna kai taurarin labaranmu Dubai da Landan da ba mu taɓa takawa ba, ga hanyar Gwanja a kwance babu mai bi.

Yaƙin Duniya na Ɗaya bai daɗe a Togo ba. Ranar 26 ga Agusta 1914 Jamusawa suka miƙa wuya bayan sun rusa babbar tasharsu ta wayar iska a Kamina. Ingila da Faransa suka raba ƙasar. Ɓangaren Ingila ya yi ƙuri'ar raba-gardama a 1956 ya bi Gana, shi ya sa Kete-Kraci take Gana a yau, tsohon garin ma ruwan madatsar Akosombo ya shanye shi. Iyakar ta raba Ewe biyu, ta kuma bar Lome manne da Gana, har unguwannin birnin na ƙarewa a bakin shinge.

Ɓangaren Faransa ya samu 'yanci ranar 27 ga Afrilu 1960, Sylvanus Olympio ya zama shugaba. Ya gaji ƙasar da kudancinta ya yi nisa a boko da aikin ofis, arewacinta kuma aka mai da shi wurin ɗiban leburori da sojoji. Wannan ba baƙon labari ba ne a kunnenmu. Da tsofaffin sojojin da suka yi wa Faransa yaƙi suka dawo gida suka nemi a ɗauke su aiki, Olympio ya ce babu kuɗi. Ranar 13 ga Janairu 1963 suka harbe shi a ƙofar ofishin jakadancin Amurka, shekara uku kafin namu 15 ga Janairu. Cikin waɗanda suka yi aikin akwai wani saje Bakabiye, Eyadema, wanda ya karɓe mulki a 1967 ya riƙe har mutuwarsa ranar 5 ga Fabrairu 2005, shekara 38. Shi ne suka yi ta zagaye da Janar Gowon har aka kafa ECOWAS a Ikko a 1975.

Da ya mutu sojoji suka ɗora ɗansa Faure Gnassingbe a daren. Obasanjo da Tandja Mamadu da sauran shugabanni suka matsa, ya sauka, aka yi zaɓe a Afrilu, aka ce shi ya ci. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta mutum 400 zuwa 500 ne suka mutu a rikicin. A 2017 an yi gagarumar zanga-zanga, abin lura kuma Sokode ce ta zama cibiyarta, ba kudu kaɗai ba. A 2024 aka sauya tsarin mulki, ƙarfin iko ya koma kujerar shugaban majalisar ministoci, wadda ba ta da iyakar wa'adi, a Mayun 2025 kuma Faure ya hau ta. An sauya riga ne, mai ita yana nan. Can arewa kuwa, a yankin Saban, masu ɗauke da makamai daga Burkina sun fara kai hare-hare tun 2021, har aka kafa dokar ta-ɓaci a 2022.

Mafi yawan 'yan Togo manoma ne. Ƙasar na fitar da auduga da koko da kofi, da fosfet, ma'adinin da ake takin zamani da shi, wanda Eyadema ya mai da mallakar gwamnati a 1974. Amma ainihin arzikinta shi ne zamanta hanya. Tashar jiragen ruwan Lome, da aka buɗe a 1968, mai zurfi ce, manyan jiragen kwantena na iya tsayawa, kuma Burkina da Mali da Nijar ba su da teku. Bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023, da aka rufe iyakar Benin, kayan Nijar da yawa sai ta Lome suka riƙa shigowa, su zagaya ta Burkina da rakiyar sojoji, mutanen Maraɗi da Damagaram suka ji a farashi. A Lome ne hedkwatar Ecobank da ta kamfanin jiragen sama na ASKY suke. A babbar kasuwarta kuma aka yi matan nan dillalan atamfa da ake kira Nana Benz, saboda marsandin da suka riƙa hawa tun manyan ma'aikata ba su fara ba.

Hausawa kuwa, da hanyar goro ta mutu sai suka bi layin dogo suka gangara teku. Zangon Lome ya zama matattarar fataken shanu da goro da masu saukar baƙi, Hausa ce harshen ciniki a cikinsa ko da mutum Bazabarme ne ko Bafulatani ko Kotokoli. Birni ya girma ya kewaye shi, filin ya yi tsada. A 1977 gwamnati ta rusa unguwar, aka kwashe mutanenta zuwa wani fili wajen kilomita 15 arewa da gari, aka gina bankuna a inda gidajensu suke. Sabon wurin yana bakin babbar hanyar da manyan motoci ke bi su nufi Sokode da Mango da Sinkase, kuma Zango ake kiran sa.