Nau'in Bayanai da Amanar Kuɗin Adashi: Misali daga Nima

A watan Yulin 2007 Babban Bankin Ghana ya sauya kuɗin ƙasar, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi 1. Har yau a kasuwar Nima da ke Accra akan ji mai cewa "miliyan ɗaya" alhali sidi 100 yake nufi. Abokin ciniki yana gane wanne ake nufi daga kayan da ke gabansa. Kwamfuta kuwa lamba kawai take gani.

A ɗauka wani matashi a unguwar Maamobi zai rubuta wa ƙungiyar adashi manhaja, abin da a Ghana ake kira susu. Yana buƙatar fankishin, wato gungun umarni mai suna, da zai nemo mamba. Wata za ta ba da lambar wayar da take karɓar MoMo, wato kuɗin da ake turawa ta waya, wata lambar Ghana Card mai farawa da GHA, wata kuma adireshin GhanaPostGPS da aka ƙaddamar a 2017. Harsunan rubuta manhaja irin Java, Go da Rust ba sa karɓar komai sai an faɗi nau'insa tun farko. To, yaya fankishin guda zai karɓi ukun?

Hanyar da ta fi jan mai koyo ita ce ya buɗe ƙofa ga kowa: ya rubuta Object a Java, ko any a Go, sannan ya riƙa tantancewa a ciki. Wannan maƙala tana ganin hakan kuskure ne. Kompaila, manhajar da ke duba rubutu kafin ya fara aiki, an ɗaure mata hannu ke nan. Ɓarnar ba za ta fito ba sai ranar kwasa, kuɗin wata ya shiga asusun wata. Ko lambar waya ma, in aka riƙe ta a matsayin adadi, sifilin da ke gabanta zai faɗi, lambobi goma su koma tara.

Masana sun daɗe da rarrabe matsalar. A 1967 Christopher Strachey ya bambanta fankishin da ke aiki iri ɗaya ga kowane nau'i da wanda aikinsa ke sauyawa bisa nau'in. Na farkon shi ne tushen janarik, wanda Java ta samu a 2004, Go kuma sai 2022. Janarik ya dace da jera sunaye ko adana jeri, amma bai warware matsalar adashinmu ba, domin neman mamba da waya daban yake da nemansa da kati. Rubuta fankishin uku masu suna ɗaya, kamar yadda Java ta yarda, yana aiki ne in an san nau'in tun lokacin rubutu.

Abin da ya dace shi ne rufaffen jeri: a ƙirƙiri nau'i mai suna Shaida, a ce ko waya ce, ko kati, ko adireshi, ba na huɗu. Rust tana yin haka da enum, Java kuma da sealed tun 2021. Ranar da aka ƙara fasfo saboda 'yan'uwa daga Nijar ko Nijeriya, Rust za ta ƙi harhaɗa manhajar har sai an kula da shi a duk inda aka rarrabe nau'o'in ɗaya bayan ɗaya. Haka kuɗi: sidi, sefa da naira kowanne da nau'insa.

Masu suka na cewa rubutun yana tsawo, kuma gaskiya ne. Sai dai a 1999 NASA ta yi asarar kumbon da ta aika Mars saboda wata manhaja ta ba da adadi da ma'aunin Amurka, wata ta karɓe shi a matsayin na mita. Masu koyar da rubutun manhaja a zangunan Accra su sa wannan darasi a farkon manhajar karatu, tun kafin ɗalibi ya taɓa kuɗin jama'a.