Daga Gardi Zuwa Ɗalibi-Malami: Tarihin Horon Malamai a Arewacin Nijeriya da Jamhuriyar Nijar

Gabatarwa

Kowace shekara ɗaliban kwalejojin ilimi da jami'o'i, cikinsu har da masu nazarin Hausa, sukan fita koyarwar gwaji, wadda suka fi sani da "tifi". Da yawansu kan ɗauke ta kwas ne kawai mai maki, a ci a wuce. Tarihin horon malamai a ɓangarori biyu na ƙasar Hausa, wato Arewacin Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, ya nuna cewa a wannan mataki ne ake ƙera malami, kuma duk sa'ad da gaggawa ta sa aka gajarta shi, yara ne suka ɗanɗana kuɗarsu.

Kafin Zuwan Boko

Makarantar allo ta daɗe da sanin cewa koyarwa sana'a ce da ake koya a gaban gwani. Yaro kan fara a matsayin kolo, ya zama titibiri, sannan gardi. Gardi almajiri ne har yanzu, amma malam kan danƙa masa ƙananan yara ya riƙa biya musu allo, ya duba rubutunsu, ya kula da zamansu. Malam yana nan kusa yana saurare, in gardi ya yi tuntuɓe ya gyara masa. Sai ya yi shekaru a haka kafin ya tara nasa almajiran. Abubuwa uku ke cikin wannan tsari: kallon gwani, gwadawa a gabansa, da karɓar gyara. Su ne kuma ginshiƙan koyarwar gwaji har yau.

Kwalejin Katsina

Da Turawan Ingila suka ci Arewa, Hanns Vischer, wanda ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, kuma ajin horon malamai na cikin abin da ya fara da shi. Da makarantun larduna suka yawaita, sai aka kafa Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a watan Maris na 1922. Karatun shekara biyar ne, da Ingilishi, kuma wanda ya gama yakan koma lardinsa ya koyar.

Ahmadu Bello ya gama a 1931 ya koyar a Midil ta Sakkwato. Abubakar Imam ya gama a 1932 ya kama aiki a Midil ta Katsina, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma ya gama a 1933 ya koma Midil ta Bauchi. Ga mai nazarin Hausa akwai abin lura a nan. Gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a 1933 malaman makaranta ne suka yi fice a cikinta: Imam ya rubuta Ruwan Bagaja, Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shehu Umar, Bello Kagara, wanda ya koyar a kwalejin kanta, ya rubuta Ganɗoki. Ke nan rubutaccen zube na boko daga hannun malaman aji ya fito, mutanen da kullum suke ganin abin da yaro ke iya karantawa da abin da ke gagararsa.

Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Kwalejin Barewa. Horon malaman elimantare kuwa ya koma hannun makarantun horon malamai da aka kafa a wurare irin su Katsina da Bauchi da Toro. A al'ada irin waɗannan makarantu kan kasance da firamaren gwaji a kusa da su, inda ɗalibi ke kallon darasi kafin a miƙa masa alli.

Ɓangaren Faransa

A Nijar hanyar daban ce. Faransawa sun tattara horon manyan malamai na dukkan Afirka ta Yamma a makaranta guda, wadda aka kafa a Senegal a 1903, aka mayar da ita tsibirin Gore a 1913, aka sa mata sunan William Ponty a 1915. Yaron da ya yi zarra a Damagaram ko Yamai sai ya bar ƙasarsa ya yi tafiya mai nisa kafin ya zama "mushe", kamar yadda Hausawan Nijar ke kiran malamin lakwal. Bubu Hama, wanda ya fara koyarwa a 1929, shi ne ɗan Nijar na farko da ya fito daga can. Jori Hamani da Jibo Bakari sun biyo sahunsa.

Babban bambancin yana ga harshe. A Arewacin Nijeriya da Hausa ake koyarwa a elimantare a yawancin larduna, don haka sabon malami da ɗalibansa bakinsu ɗaya. A Nijar kuwa Faransanci ne tun ranar farko, yaron da ya yi harshensu a harabar makaranta ma akan hukunta shi. Sabon mushe yakan tsaya gaban yaran da ba su jin kalma ɗaya ta harshen da yake koyarwa da shi, alhali sau da yawa shi da su harshen gida ɗaya ne. Duk da wannan bambanci, sakamakon siyasa ya zo iri guda: a 1960 Firayim Ministan Nijeriya da Firimiyan Arewa da Shugaban Nijar da Shugaban Majalisar Dokokinta duk tsofaffin malaman makaranta ne.

Lokutan Gaggawa

Bayan samun 'yanci, Nijeriya ta dogara da makarantun horon malamai masu ba da takardar malanta mai daraja ta biyu. Wanda ya gama firamare yakan yi shekara biyar, kuma ba a ba shi takarda sai ya ci jarrabawar koyarwa a aikace, gaban masu duba. Rahoton Hukumar Ashby na 1960 ya haifar da manyan kwalejojin horon malamai, irin ta Zariya a 1962 da ta Kano a 1964, masu ba da takardar NCE.

A watan Satumba na 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. An yi tanadin yara kimanin miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Aka buɗe kwasa-kwasan gaggawa, aka kuma ɗauki malamai masu yawa da ba su da horo. Masu duba malamai suka yi kaɗan, ajujuwa suka cika maƙil. A shekarar ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna domin horar da waɗanda suka riga suka shiga aji ta hanyar karatu daga nesa. Wato sai da aka miƙa wa mutum aji sannan aka koma koya masa riƙonsa.

Nijar ta shiga irin wannan hali a ƙarshen shekarun 1990. Ƙarancin kuɗi da buƙatar sa yara da yawa a lakwal suka sa gwamnati ta fara ɗaukar 'yan sa-kai, waɗanda daga baya aka sani da malaman kwantaragi, a kan albashi kaɗan, da yawansu da horo na ɗan gajeren lokaci. Yawan yara a makaranta ya ƙaru ƙwarai, kuma cikin 'yan shekaru malaman kwantaragi suka zama mafiya yawa a firamare. Amma koke kan yaran da ke gama firamare ba su iya karatu ba ya yi ta ƙaruwa, har a 2017 gwamnati ta shirya wa malaman kwantaragi jarrabawa don auna iliminsu, lamarin da ya jawo takun-saƙa da ƙungiyoyin malamai. Hausawa sun ce sauri kan haifi nawa.

Gwajin Damagaram

Akwai misali guda da ya bi wata hanya. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram, a ƙarƙashin makarantar horon malamai ta garin. Da Hausa ake koyarwa a shekaru uku na farko, ana shigo da Faransanci sannu a hankali, kafin ya zama harshen koyarwa a manyan ajujuwa. Daga baya aka faɗaɗa tsarin zuwa Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da harshen Buzaye. Binciken da aka yi ya nuna yaran sun fi sakewa a aji, sun fi iya karatu, kuma ba a bar su a baya ba ko a Faransancin. Duk da haka makarantun sun yi shekaru masu yawa da sunan gwaji, kuma cikin abin da ya raunana su akwai tura musu malaman da ba a horar da su koyarwa da harshen gida ba. Nijeriya ma ta rubuta a Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 cewa a fara firamare da harshen uwa ko na muhalli, amma aiwatarwa ta yi rauni. Jin Hausa daban, iya koyar da ita daban.

Kammalawa

A yau NCE ce mafi ƙarancin takardar koyarwa a Nijeriya. Kafin ɗalibi ya fita gwaji yakan yi ƙaramar koyarwa gaban 'yan ajinsu, dabarar da aka ƙirƙira a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1963. Abin da tarihi ke nema daga gare shi bai wuce abin da ake nema daga gardi ba. Ya fara zama a bayan aji ya kalli yadda malamin ajin ke buɗe darasi da yadda yake jefa tambaya. Ya rubuta tsarin darasinsa da manufar da za a iya aunawa, ya kai a duba kafin ya shiga. In Hausa zai koyar, ya ƙware a ƙa'idojin rubutu, musamman raba kalma da haɗe ta da haruffa masu lanƙwasa, domin kuskuren da ya hau allo yakan shiga litattafan yara duka. Ya san karin harshen garin da aka tura shi, kada ya mayar da Sakkwatancin yaro ko Damagarancinsa abin dariya. Idan mai duba ya zo, ya nemi a faɗa masa kurakuransa dalla-dalla kafin ya tambayi maki, domin da zarar ya karɓi ajin kansa, da wuya ya sake samun wanda zai zauna a baya yana yi masa gyara.