Baƙon Tamanrasset: Charles de Foucauld da kiran da aka yi wa Ibrahim

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Agadas zuwa Arlit, ya wuce Assamaka ya faɗa In Guezzam, ya san babban garin da ke gabansa a cikin Aljeriya shi ne Tamanrasset. Yau birni ne mai filin jirgi da jami'a da baje kolin Assihar, kuma akwai unguwannin da in ka shiga za ka ji ana ta Hausa. Amma a watan Agustan 1905 bukkoki ne wajen ashirin a bakin kwari, da 'yan gonakin gero da alkama. A wannan watan wani Bafaranshe, fadan Katolika, ya sauka a nan, ya gina wani siririn ɗaki na dutse da laka wanda faɗinsa bai kai mita 2 ba. Sunansa Charles de Foucauld. Kiristoci da yawa, in za su yi bayanin kiran da Allah ya yi wa Ibrahim, da shi suke kafa misali.

Ga yadda labarin kiran yake a Littafi Mai Tsarki, Farawa sura ta 12. Ibrahim yana Haran, yana da shekara 75, sai Allah ya umarce shi ya bar ƙasarsu da danginsa da gidan mahaifinsa, ya tafi inda za a nuna masa. Ba a faɗa masa sunan wurin ba. Aka yi masa alkawarin zuriya da ɗaukaka, aka kuma ce ta dalilinsa albarka za ta kai ga dukan kabilun duniya. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ga Galatiyawa, ya ɗauki wannan ƙarshen alkawarin a matsayin bisharar da aka riga aka sanar tun da wuri. Shi ya sa a koyarwar Kirista ba a raba kiran da amfanin wasu: an zaɓe ka ne domin waɗanda ba danginka ba su samu. Musulmi mai karatu ya san hijirar Annabi Ibrahim (AS) ta tasa hanyar. A nan fahimtar Kirista muke bi.

Wanda ya san Foucauld yana saurayi ba zai taɓa kawo masa zancen Ibrahim ba. An haife shi a Strasbourg ranar 15 ga Satumba 1858, iyayensa biyu suka rasu a 1864, kakansa ya riƙe shi. Ya bar addini tun yana makaranta, ya gaji dukiya, ya yi facaka da ita a ci da sha da mata. A makarantar sojan doki ta Saumur su 87 suka gama, shi ne na 87. A 1881 ma sai da aka dakatar da shi daga soja a Aljeriya saboda wata mace da ya ƙi rabuwa da ita. Daga 1883 zuwa 1884 ya yi shigar malamin Yahudawa ya ratsa Maroko, inda a lokacin Bature ba ya shiga ya fito lafiya, yana auna hanyoyi a ɓoye. A can ya ga mutanen da ke ajiye komai su yi salla sau biyar a rana, kuma daga baya shi da kansa ya rubuta wa abokinsa Henry de Castries cewa Musulunci ya girgiza shi matuƙa. Sallar Musulmi ce ta fara tayar masa da tambayar Allah, amma amsar a coci ya same ta, a Paris, cikin Oktoban 1886, a hannun Fada Huvelin.

Daga nan sai ƙaura bayan ƙaura. Gidan sufaye a Faransa a 1890, wani a Akbes ta Siriya, sannan Nazarat a 1897, inda ya zama ɗan aiken wasu mata masu zuhudu, yana kwana a wata 'yar rumfa cikin lambunsu. An naɗa shi fada a 1901, ya tafi Beni Abbes a hamadar Aljeriya, yana fansar bayi yana rubuta wa manyansa ƙorafi kan yadda Faransa ta kau da kai ga bauta. Can tsohon abokinsa na soja, Laperrine, ya ja shi kudu wajen Buzayen Ahaggar, sarkinsu Musa ag Amastan ya yarda ya zauna.

Shekarun farko ya zo ne a matsayin mai bayarwa: magani, allura da zare, hatsi, shawara. Sai fari ya sauka a 1907. Ya rabar da abin da ya ajiye har rumbunsa ya ƙare. Ga kaɗaici, domin dokar cocinsa ta hana shi yin babbar sujada shi kaɗai ba mai taya shi, har Kirsimetin shekarar ta wuce haka. A farkon 1908 ya kwanta, rai kwakwai mutu kwakwai. Mutanen da su ma yunwar ke ci suka bazu cikin duwatsu suna neman awakin da suka rage da ɗan nono. Da wannan nonon aka yi ta ɗura masa har ya tashi.

Ni a ganina nan ne labarinsa ya fi kusa da na Ibrahim, fiye da batun barin gida. Masu wa'azi sun fi son su tsaya kan tashin Ibrahim daga Haran, amma a ci gaba da karatu a gani. A sura ta 14, Malkisadik, wani sarki a ƙasar, shi ya fito masa da gurasa da ruwan inabi, shi ya sa masa albarka. A sura ta 23, da Saratu ta rasu, mutumin da aka yi wa alkawarin ƙasa guda ba shi da ko taƙi ɗaya da zai binne matarsa, sai da ya rusuna wa Hittiyawa ya sayi kogon Makfela da shekel 400 na azurfa. Wanda aka aiko ya zama albarka, shi ma sai da ya miƙa hannu ya karɓa. Foucauld bai shiga zukatan mutanen Ahaggar da gaske ba sai da ya ci bashin ransa a hannunsu. Bayan 1908 zumuncin ya canja, suka riƙa zuwa hira wurinsa, wasu har suna yi masa fatan ya musulunta don kada mutumin kirki irinsa ya rasa aljanna.

Ya yi shekara 11 a wurin, ko Buzu ɗaya bai shiga addininsa ba. Ƙungiyar 'yan'uwa da ya yi ta rubuta wa dokoki, ba wanda ya zo ya zauna a cikinta. Abin da ya ci lokacinsa shi ne harshen Buzayen, Tamahak. Yakan zauna da Ba Hammu, magatakardan Musa, awa bayan awa suna tantance kalma. Yakan biya mata da tsofaffi 'yan kuɗi su rera masa waƙoƙin da suka haddace, ya rubuta, ciki har da na Dassin, shahararriyar mawaƙiyar Ahaggar. Ya tara baiti wajen 6,000. Ƙamus ɗinsa na Tamahak da Faransanci ya haura shafi 2,000. A 1911 ya hau dutsen Asekrem, mai tsayin sama da mita 2,700, ya yi watanni a wani ɗaki da aka gina masa yana wannan aikin cikin sanyi.

Sai dai akwai inda misalin ya karye, kuma bai kamata a rufe ba. Ibrahim ya shiga Kan'ana ba sarkin da ke bayansa. Foucauld kuwa bayan bindigar Faransa ya biyo. Shekara uku kafin zuwansa, a watan Mayun 1902, sojojin Faransa ƙarƙashin Cottenest sun karya lagon Buzayen Ahaggar a yaƙin Tit, kusa da Tamanrasset. Foucauld tsohon hafsa ne, bai taɓa shakkar cewa mulkin Faransa alheri ne ga Sahara ba, kuma yana aika wa Laperrine da sauran hafsoshi labarin abin da ke gudana a yankin. Ya soki zaluncin wasunsu, gaskiya ne, amma gyaran mulkin mallaka yake nema, ba tashinsa ba. Mai son sa ya karɓi wannan tare da sauran.

Abin da ya yi ajalinsa ma ke nan. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kankama, 'yan Sanusiyya daga Libiya suka motsa hamada. Foucauld ya gina ganuwar laka don mutanen gari su fake, ya koma ciki a 1916, an kuma ajiye bindigogi da harsasai a wurin. Da magaribar 1 ga Disamba 1916, kwana uku bayan ya kammala aikin waƙoƙin, wani da ya sani mai suna El Madani ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce wasiƙu sun iso. Foucauld yana miƙo hannu sai mahara suka fizgo shi waje, aka ɗaure shi ta baya, aka bar wani yaro ɗan kimanin shekara 15 yana gadinsa, sauran suna kwasar kaya. Alamu sun nuna garkuwa suka so yi da shi. Sai ga sojoji biyu kan raƙuma sun ɓullo, harbi ya tashi, yaron ya firgita ya ɗana masa a ka. Cikin watan nan ne Kaosen, jagoran Buzaye 'yan tawaye, ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas, har zuwa Maris 1917. Wutar guda ce. Musa ag Amastan, Musulmi, ya aika wa ƙanwar mamacin wasiƙar ta'aziyya yana yi masa addu'ar rahama.

Zuriyar ta zo ne bayan ba ya nan. René Bazin ya fitar da tarihinsa a 1921, matasa suka karanta. A 1933 René Voillaume ya kafa Ƙananan 'Yan'uwan Yesu, a 1939 Magdeleine Hutin ta kafa ta mata, su biyun a hamadar Aljeriya, tsarinsu shi ne su zauna cikin talakawa su yi aikin da talakawa ke yi. Abokinsa Louis Massignon, masanin Musulunci, ya ɗauki sunan Ibrahim, ya ƙarar da rayuwarsa yana jan hankalin cocinsa ga dangantakar Musulmi da wannan kakan. A 1965 babban taron Vatican ya rubuta hakan a takardar Nostra Aetate. Fafaroma Francis ya ayyana Foucauld waliyyi ranar 15 ga Mayu 2022, wasu masana tarihi suka ce an yi wa alaƙarsa da soja kwaskwarima.

Gawarsa tun 1929 aka mayar da ita El Golea. Ƙamus ɗin kuwa sai 1951 da 1952 aka buga shi cikakke, juzu'i huɗu, da rubutun hannunsa yadda ya bar shi, kuma har yau masu nazarin Tamahak, ciki har da Buzayen da ke ƙoƙarin raya harshensu, da shi suke aiki.