Yadda Talotalon Biki Ya Shiga Tsakanin Burodi

Talotalo tsuntsun Meziko ne tun asali. Mutanen can ne suka fara kiwonsa, kimanin shekara 2000 da suka wuce. Sifaniyawa suka ɗebe shi zuwa Turai a farkon ƙarni na 16, daga baya Turawan Ingila masu ƙaura suka koma da shi Amurka a jiragen ruwa. Can ya zama naman biki. A 1863 Shugaba Abraham Lincoln ya ayyana ranar godiya ta ƙasa a ƙarshen Nuwamba, aka saba da gasa talotalo guda sukutum a ajiye tsakiyar iyali. Mai kiwo sai ya yi ta wahala wata da watanni domin kasuwar 'yan makonni.

Boga kuwa, wato niƙaƙƙen nama a tsakanin burodi, da naman shanu ta fara. Jamusawa baƙi ne suka sabar wa Amurkawa da sassararren nama irin na birnin Hamburg a ƙarni na 19, injin niƙa na hannu ya yawaita, aka soma cusa naman tsakanin burodi. Gidan abinci na Louis' Lunch da ke New Haven yana cewa shi ya fara a 1900, wasu garuruwan ma suna da'awar haka. Sai dai niƙaƙƙen nama bai da farin jini a lokacin, domin idan an niƙa, ido ba ya rarrabe mai kyau da ruɓaɓɓe. A 1906 Upton Sinclair ya fitar da littafinsa The Jungle, ya tona ƙazantar mayankan Shikago, a shekarar kuma aka kafa dokar duba nama. Da kamfanin White Castle ya buɗe a Wichita a 1921, sai ya shafe gininsa da farin fenti, ya sa ma'aikata fararen kaya, ana soya naman a idon mai saye. Amana suke nema kafin ciniki.

Hanyoyin biyu sun haɗu ne bayan yaƙin duniya na biyu. Masu kiwo suka samar da farin talotalo mai faɗin ƙirji, wanda nauyinsa ya kai ba ya iya barbara sai an haɗa irin da hannu. Nama ya yi yawa, biki kuwa bai ƙaru ba. Kamfanoni a jihohin Minnesota da North Carolina suka shiga yanyanka shi, ƙirji daban, cinya daban, sauran a niƙa, domin a sayar duk shekara. Ana cikin haka, a 1977 kwamitin majalisar dattawa da George McGovern ke shugabanta ya shawarci Amurkawa su rage kitse saboda ciwon zuciya. Kasuwar talotalo ta buɗe. Tsakanin 1970 da 1990 yawan talotalon da Ba'amurke ke ci a shekara ya ninka. Kututturen wutsiya mai kitse da Amurkawa suka ƙi kuwa, aka riƙa lodinsa zuwa ƙasashe irin Ghana, inda masu suya a Nsawam suka shahara da shi, har gwamnati ta hana shigo da shi a 1999.

Abin da ke damuna shi ne, tsohuwar matsalar 1906 ba ta gama mutuwa ba. Niƙaƙƙen talotalon leda yakan zo haɗe da fata da kitse, mai saye yana zaton lafiya zalla ya saya. Shi ya sa nake ganin darajar masu yin bogar talotalo a gida, ni ma haka nake yi. Cinya nake zaɓa, domin ƙirji shi kaɗai bushewa yake yi a kasko ya zama kamar dusa a baki. Nakan sa mahauci ya niƙa a gabana, in goga albasa a ciki saboda ruwanta, in ƙara tafarnuwa, masoro, gishiri, ƙwai ɗaya da ɗan garin burodi domin ya kama jikinsa. Ba na yawan cuɗawa, kada ya yi tauri. In mulmula, in lotsa tsakiya da babban yatsa don kada ya kumburo, in bar shi a firji ya ɗan daskare, sannan in soya da mai kaɗan a wuta matsakaiciya. Naman tsuntsu ba a cin sa da ja a ciki. Sai zafin tsakiyarsa ya kai digiri 74, saboda ƙwayar cutar salmonella.

Ga Musulmin da ke zaune a Amurka ko Turai akwai ƙarin dalili: wanda ya sayi yankan halal ya niƙa da kansa ya huta da tambayar me aka haɗa a ciki. Doka ta yi nata, kamfanoni sun yi nasu, amma har yau babu mai duba nama da ya kai wanda zai ciyar da 'ya'yansa da shi. Aikin rabin sa'a ne, kuma ya cancanci a yi shi.