EMDR: maganin firgici ta hanyar motsa idanu

Akwai wanda ƴan bindiga suka afka wa garinsu da dare, Allah ya tsirar da shi, amma har bayan wata shida in ya ji ƙarar babur sai jikinshi ya ɗauki rawa. Barci ya ƙi, in ma ya samu sai mugun mafarki. Abin da ya faru yana dawo mishi kamar yanzu ake yi. Masu saurarenmu na yankin Madarunfa da Gidan Runji, da ƴan uwanmu na Difa, ba sai an yi musu dogon bayani ba. Likitoci na ɗaukar wannan a matsayin ciwo mai magani, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin da suke bi ita ce ake kira EMDR, wato rage zafin tunani ta hanyar motsa idanu.

Wata masaniyar halayyar ɗan Adam ƴar Amurka, Francine Shapiro, ita ta ɓullo da hanyar. A 1987 tana tafiya cikin wani lambun shaƙatawa, ta lura cewa in idanunta na kai da komo da sauri, tunanin da ke damunta sai ya yi sauƙi. Ta gwada a kan mutane, ciki har da tsoffin sojojin yaƙin Biyetnam da waɗanda aka yi wa fyaɗe, ta fitar da sakamakon a 1989. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta sa hanyar cikin waɗanda ta amince a yi wa manya da yara masu wannan ciwo.

To, ya ake yi? Ba ranar farko ake fara motsa ido ba. Aikin yana da matakai 8, kuma na farko-farkon duk hira ce: likita ya ji tarihinka, ya koya maka yadda za ka kwantar da hankalinka in abin ya taso. Sai ranar da ya ga ka shirya, ya ce ka kawo hoton da ya fi ci maka rai a zuciya, tare da maganar da kake faɗa wa kanka game da shi, misali “laifina ne” ko “ba ni da tsira”. Zai tambaye ka zafin ya kai nawa, daga 0 zuwa 10. Daga nan ya ɗaga yatsu biyu yana kai su dama da hagu, kai kuma kana bin su da ido, kanka bai motsi, hoton yana ranka. Kamar daƙiƙa 30 ya tsaya, ka ja numfashi, ya ce mi ka gani, mi ka ji? A sake. A sake kuma, har lambar nan ta sauka. Wanda idonshi ke da matsala, ana iya ɗan bubbuga mishi hannun dama da na hagu bi da bi, ko a sa mishi sauti kunne bayan kunne.

Zama guda kan ɗauki minti 60 zuwa 90, kuma galibi ana yin zama 6 zuwa 12. Wanda masifa ta daɗe tana maimaituwa a kanshi yakan buƙaci fiye da haka.

Abin da ni na ga ya fi dacewa da mutanenmu shi ne, ba dole ba ne ka zayyana komi dalla-dalla. Macen da aka ci wa mutunci a daji, wadda kunya ta hana ta faɗa ko wa mahaifiyarta, tana iya riƙe hoton a ranta ba tare da ta buɗe baki ta faɗi duka ba.

Kada a ɗauka mantuwa ake sa mutum. Za ka ci gaba da tuna abin da ya faru, sai dai ya koma labarin da ya wuce, ya daina kama maka ƙirji. Kuma ba siddabaru ba ne, ba a gusar maka da hankali. Idonka biyu, in ka ce a tsaya an tsaya.

Masana har yau suna gardama kan dalilin da ya sa take aiki. Wasu na cewa ƙwaƙwalwa ba ta iya riƙe hoton da ƙarfi alhali tana aikin bin yatsu, shi ya sa hoton ke dusashewa. Wasu kuma na ganin fuskantar tunanin a gaban wanda ka amince da shi ne maganin, motsin idon ƙari ne kawai.

Gargaɗi guda, musamman ga ƴan uwa da ke waje masu turo mana bidiyo ta WhatsApp: kada a zaunar da mai ciwo gaban salula a ce ya bi ɗigo da ido. Tono irin wannan tunani ba tare da ƙwararre a kusa ba na iya dagula mishi lamari, don ko a hannun likita akan samu kwanakin da mafarki ke ƙaruwa tsakanin zama da zama. Wanda ya wuce wata guda cikin wannan hali, a kai shi CSI ko asibitin gunduma, a faɗa musu ba ɓoye-ɓoye, a nemi su tura shi wurin ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa. A kuma nisanta shi da tramol da ƙwayoyin barci na bakin kasuwa. OMS ɗin ma ta ce kada a ba wanda ya fito daga tashin hankali magungunan dangin diyazefam don rage firgici.