Mary Lange da Matan Zuhudu na Baltimore

A cocin Katolika, mace tana iya barin aure ta keɓe kanta ga bautar Allah da hidimar jama'a. Irin waɗannan mata su ake kira masu zuhudu, ko sista. Amma a Amurka, a farkon ƙarni na 19, wannan ƙofa a rufe take ga baƙar mace. Ƙungiyoyin zuhudu na Turawa ba sa karɓarta, wasunsu ma bayi gare su.

Elizabeth Lange ta yi ƙaura daga yankin Karebiyan zuwa Baltimore, inda ta riƙa koyar da 'ya'yan baƙaƙe. Ran 2 ga Yuli, 1829, ita da mata uku suka ɗauki alkawarin zuhudu da taimakon Fada James Joubert, aka koma kiranta Mary. Paparoma ya amince da ƙungiyarsu, Oblate Sisters of Providence, a 1831. Da kwalara ta ɓarke a 1832, suna cikin waɗanda suka yi jinyar talakawan garin.

Duk da haka, da Joubert ya rasu a 1843, shugabannin cocin garin suka yi ko-in-kula da su, har suka koma wankau da ɗinki don su ci abinci. Lange ta rasu a 1882. Sai a 2023 Paparoma Francis ya ba ta matsayin "abar girmamawa", wanda mataki ne a hanyar zama waliyyiya.