Hanyar da waya ke nunawa da hanyar da direba ke bi

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya yi haƙuri ya dawo da dare.

Waɗanda muke karatu tare a nan Ibadan sun san ciwon da ke damuna. In muka hau mota za mu gida hutu, kowa ko dai barci ko danna waya, ni kuwa ina manne da taga ina ƙirga 'yan duwatsun simintin nan na gefen titi masu nuna kilomita, ina ɗaukar hoton alluna. Har wani abokina ɗan Gusau ya laƙaba mini Sarkin Hanya. Na karɓa, ba komai. Digiri na biyun da nake yi a kan tattalin arzikin noma ne, bai haɗa hanya da wannan ba, ko da yake ni a wurina ya haɗa.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan, hutun da ya wuce na taho da wani ƙanenmu ɗan Funtuwa da ke aji ɗaya. Mun bar tasha da yamma, muna wuce Ife sai ya taɓo ni ya nuna mini wayarsa. Ya ce, "Yaya, anya direban nan ya san hanya? Google Maps fa ta Ilori take nunawa, shi kuma ya yi gabas da mu." Na yi dariya na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ta Lakwaja za mu. Ya ce me ya sa? Na buɗe baki zan ba shi amsa a taƙaice, sai na ga ba ta taƙaituwa. Ga ta nan a rubuce.

Wayar ba ta yi ƙarya ba. Miƙaƙƙiyar hanyarmu daga Ibadan ita ce Oyo, Ogbomosho, Ilori, Jebba, Mokwa, Bokani, Tegina, Birnin Gwari, sai Funtuwa ko Kaduna. Kuma ita ce tsohuwa, ta girmi kwalta nesa ba kusa ba. Tun kafin Bature ya zo, fatake ke saukowa daga Kano da Katsina da jakuna, da kanwa da fata da tufafin rini, su ƙetare Kwara a Rabba kusa da Mokwa ko ta wajen Bussa, wasu su yi Ilori da ƙasar Yarbawa, wasu su yi yamma zuwa Gwanja sayen goro. Kowane ayari da madugunsa, kowane yini da zangonsa. Da Clapperton ya taso daga Badagry a ƙarshen 1825 zai je Sakkwato, ai sawun waɗannan ayarin ya bi, ya ƙetare kogin a yankin Bussa, inda Mungo Park ya halaka shekara ashirin kafin nan. Duk garin da ka ji ana ce wa wata unguwa Zango ko Sango a kan layin nan, allo ne na wancan zamanin. Sangon da muke hawa mota zuwa Bodija ko Mokola ta cikinsa, mu nawa ne muka taɓa tsayawa muka saurari sunan da kyau?

Da Turawa suka zo, jirgin ƙasa suka sa gaba. Layin dogo ya iso Ibadan daga Legas a 1901, ya isa Kano a 1911, daga 1912 aka fara tafiya Legas zuwa Kano. A Jebba kuwa da farko a jirgin ruwa ake ƙetarar da taragai, sai a lokacin Yaƙin Duniya na Farko aka kammala gadar. Titin mota bawan dogo ne a wancan lokacin, aikinsa ya kwaso kaya daga ƙauyuka ya kai tasha. Kuma titin mota na farko da ake ambata a tarihin ƙasar nan, na 1906, shi ne Ibadan zuwa Oyo. Wato wannan hanyar da ta fita ta Ojoo da Moniya, wadda muke bi ba ma ko ɗaga kai. Shekara goma bayan nan, a 1916, aka kafa Sabon Ibadan, inda 'yan goro da dillalan shanu suka zauna. In ka je Sabo cin tuwo ranar Juma'a, a zangon ƙarshe na wannan hanyar kake zaune.

To nan ne wurin da ni ke burge ni, ku ɗan jure. Manyan titunan tarayya suna da lambobi, kuma lambobin ba da ka aka sa su ba. A1 ta taso daga Legas, ta bi Ibadan, Ilori, Jebba, Kontagora, Yawuri, Jega, Sakkwato, ta ƙare a Illela bakin Ƙonni. A2 daga Fatakwal, Warri, Benin, Okene, Lakwaja, Abuja, Kaduna, Zariya, Kano, Daura, har Kongolam. A3 daga Fatakwal ita ma, Aba, Inugu, Makurɗi, Lafiya, Jos, Bauchi, Potiskum, Maiduguri. A4 daga Kalaba ta haura ta gabas. Ku duba da kyau, dukkansu huɗun a bakin teku suka fara, suka miƙe arewa. Gyaɗa da auduga da fata da kuza su sauka, kayan kanti su hau. Waɗanda ke ratsawa gabas da yamma su ne ƙananan, masu lamba uku, kuma lambar tana faɗa maka wa da wa suka haɗa. A126, wadda ta bi ta ƙofar gidanmu a Funtuwa daga Zariya zuwa Gusau da Sakkwato, 1 da 2 na farkonta na nufin ta haɗa A1 da A2. A125 ita ce ta Tegina da Birnin Gwari zuwa Kaduna. Ranar da na gano wannan a kan wata tsohuwar taswira a laburare, wallahi sai da na tashi na zaga teburin. Ma'aikacin wurin ya bi ni da kallo.

Amma duk wanda zai bar ƙasar Yarbawa ya yi arewa sai ya ƙetare Kwara, kuma ƙofofin da manyan motoci ke bi kusan biyu ne: gadar Jebba, da gadar Murtala da ke Jamata gaba da Lakwaja. Abin mamaki, garuruwan nan biyu su ne mazaunin Lugga na farko kafin ya koma Zungeru a 1902. Shi ma kogin ya bi. Ƙasa mai mutum sama da miliyan ɗari biyu tana rataye a kan gadoji biyu, kuma mun ga abin da ke faruwa in ɗaya ta toshe. A 2017 gadar Tatabu tsakanin Jebba da Mokwa ta karye da damina, motoci suka koma zagaye. A 2012 da 2022 ruwa ya shanye titi a wajen Lakwaja da Koton Ƙarfe, tankoki suka yi kwanaki a tsaye, a 2022 ɗin har man fetur ya yi wuya a Abuja. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Sasa a nan Ibadan, da dillalan abinci da dabbobi suka dakatar da kai kaya kudu, a Jebba aka tare tireloli. Tumatir da albasa suka yi tsada a Legas, a gida kuma suka yi kwantai a hannun manomi. Na ga masu murna a Facebook a lokacin, ta ɓangarorin biyu. Ni dai ban ga wanda ya ci riba ba, kuma wannan shi ne ɗan abin da karatun nomana ya koya mini.

Saboda haka amsar ƙanen nan nawa ita ce, direbobinmu sun bar miƙaƙƙiyar hanya ne don ramuka da tireloli tsakanin Mokwa da Tegina, sai kuma babban dalilin, dajin Birnin Gwari. Shekaru aka yi ana tare mutane a wurin, ana kwashe fasinja a shiga da su daji. Direba ya gwammace ya bi Akure, Owo, Okene, Lakwaja, Abuja, Kaduna, ya ƙara mai ya ƙara sa'o'i, mu kuma mu ƙara kuɗin mota. An yi sulhu a ƙarshen 2024, an sake buɗe kasuwar shanun Birnin Gwari, manyan motoci sun ɗan koma. Amma direban da ya ɗauko mu ya ce shi da sauransa, iyalinsa bai gama aurarwa ba. Ban ga laifinsa ba. Taswira tana auna nisa, shi kuma akwai abin da yake aunawa da ba ya fitowa a waya.

Bari in ɗan ratse kan alluna, tunda su ne asalin ciwon nawa. Ran Lahadi 2 ga Afrilu 1972, zamanin Gowon, ƙasar nan ta tashi daga tuƙi a hannun hagu irin na Ingila ta koma dama. Dalilin a fili yake: Nijar da Chadi da Kamaru da Dahomey duk a dama suke, direban Kano in ya ƙetara zai tafi Damagaram sai ya juya kansa. Saliyo ta riga mu a 1971, Gana ta biyo a 1974. Kakana, wanda ya yi yaron mota a ƙuruciyarsa, da wannan yake lissafin shekarun 'ya'yansa: wane an haife shi shekarar canjin hannu, wance bayan canjin kuɗi, wato 1973 da naira ta zo. A shekarun nan ne kuma mil ya koma kilomita, amma bakin mutane ya ƙi sakin tsohon. Har yau akwai Mil Tara a Kano, akwai Mile 12 a Legas inda 'yan gwarinmu ke sauke kaya, akwai Ninth Mile a Inugu. Haka Toll Gate a mashigar Ibadan daga Legas: titin 1978 ne, Obasanjo ya rushe shingayen karɓar kuɗin sama da shekara ashirin da suka wuce, amma ka ce wa ɗan acaɓa Toll Gate ka gani ko zai tambaye ka ina ne.

Hukumar kiyaye haɗurra da muke wa laƙabi iri-iri ma tushenta a nan yake. An kafa ta a 1988 zamanin Babangida, shugabanta na farko Wole Soyinka, kuma kafin nan ya yi irin wannan aikin a jihar Oyo, saboda yadda titin Ibadan zuwa Ife ke cin ɗalibai da malamai. Daga ɗan littafinsu na koyi cewa allo mai kusurwa uku gargaɗi ne, da'ira mai jan baki hani, shuɗiyar da'ira umarni. Sai dai a hanyar gida allunan da suka fi aiki ba na hukuma ba ne. Ganye a shimfiɗe a kan kwalta, mota ta lalace a gaba. Mai tahowa ya ƙyafta maka fitila, rage gudu, akwai wani abu. Ka ga motoci sun daina fitowa daga ɗaya hannun na tsawon mintuna, direba ya gangara ya kashe fitila, ba wanda zai ce uffan. Wannan na ƙarshen ya same mu sau ɗaya bayan Okene, wajen ƙarfe biyun dare. Minti arba'in muka yi, wata baiwar Allah a bayana tana ta salati ƙasa-ƙasa, ni kuma Sarkin Hanya da taswirata a jaka ban san komai ba sai abin da direba ya sani.

Ƙanen nawa dai ya yi barci tun kafin mu kai Owo, bai ji rabin wannan ba. Na tashe shi a kan gadar Jamata da asuba don ya ga kogin, ya leƙa ya ce "to", ya koma.

Roƙona ɗaya. Ina tara hotunan duwatsun kilomita da tsofaffin alluna, ina da na Ibadan zuwa Jebba, ina da na Lakwaja zuwa Zariya. Na Mokwa zuwa Funtuwa ne babu ko ɗaya. In akwai mai ɗan uwa direban tirela da ke bin Tegina da Birnin Gwari yanzu, don Allah ya roƙar mini shi, in ya tsaya salla ko cin abinci a gari ya ɗauko mini wanda ya gani. Kada ya tsaya a daji saboda ni.